Ma'anar "antibakteriyan" da masu maganin gargajiya ke yawan faɗa

Kwanan nan duk mai tallar magani da lasifika a kasuwar Maraɗi sai ka ji ya ce ganyensa "antibakteriyan" ne, bature ya gwada. To wai mi kalmar take nufi?

Bakteriya dai wasu ƴan ƙwayoyi ne masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke kawo taifot da kwalara da ruɓewar gyambo. Abin da ya kashe su ko ya hana su hayayyafa shi ake ce ma antibakteriyan. Mura kuwa birus ne, zazzaɓin cizon sauro shi ma wata ƙwaya ce daban, don haka kalmar ba ta shafe su ba ko kaɗan.

Yadda ake gwadawa a labo ba wani sihiri ba ne. A shanya ganye ko ɓawo a inuwa, a daka, a jiƙa cikin ruwa ko alkol, a tace, a bar ruwan ya ƙafe, abin da ya rage shi ne tsamen. Sai a shuka bakteriya kan ɗan faranti, a ɗiga tsamen kan ƴar takarda mai kewaye a aza a tsakiya, a sa cikin ɗumi digiri 37 kamar jikin mutum, kwana guda. Washegari in ka ga fili fes kewaye da takardar, babu abin da ya tsiro, to tsamen ya hana bakteriya hayayyafa kenan, sai a auna faɗin filin da milimita.

Abin da ke aikin sinadarai ne da itacen ya haɗa don kare kansa. Bagaruwa cike take da tanin, wannan ɓaurin da ke kama maka harshe, kuma shi ne dai majema ke jima da shi, yana cafke furotin ɗin fata har ta daina ruɓewa, haka yake yi ma bakteriya. Sabara ma tana da shi, ba banza iyayenmu mata ke dafa ta ma mai zawo ba. Tafarnuwa kuwa nata alisin ne, an gano shi a 1944 a Amurka, abin mamaki babu shi cikin tafarnuwar da ba a taɓa ba sai an daka ta yake samuwa, kuma wuta na lalata shi, kenan wadda ta nuna tiɓis cikin miya ɗanɗano kawai ta bari.

Inda ni nake rabuwa da masu lasifika shi ne, faranti ba ciki ba ne malam. Sabulu ma yana maganin bakteriya a faranti amma wa ke sha? Sinadarin sai ya tsallake ruwan tumbi, ya shiga jini, hanta ba ta ƙarar da shi ba, sannan ya kai wurin ciwon da ƙarfinsa. Ga batun awo, bagaruwar bakin gulbi da ta kan tudu ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba, ta damina daban ta rani daban. Tanin ɗin nan ma in ya yi yawa ɗaure ciki yake, ya kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, mai ciki da ke fama da ƙarancin jini kuwa ƙarfen take nema.