Ma'anar "tsuntsaye masu ƙaura", da dalilin da ya sa ci-rani ya fi dacewa da su

Duk shekara, da zarar an gama girbi iskar hunturu ta fara kaɗawa, akan ji ana ambaton "tsuntsaye masu ƙaura" a gidajen rediyo, musamman idan ana magana a kan dausayin Haɗeja da Nguru, ko kuma idan murar tsuntsaye ta ɓulla a wani wuri. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Haɗeja, kuma ɗalibaina sun sha tambayata abin da wannan kalma take nufi, alhali kuwa tsuntsayen da ake magana a kansu suna wucewa ta kan rufin ajinmu kullum safiya. Abin da masana ke nufi shi ne tsuntsayen da suke da mazauni biyu a cikin shekara guda, ɗaya inda suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe 'ya'ya, ɗaya kuma inda suke zuwa neman abinci idan na wancan wuri ya yanke, kuma suna kai da komowa tsakanin wuraren biyu a kan lokaci sananne da hanya sananniya.

A ganina kalmar ƙaura ba ta ɗauki wannan ma'ana yadda ya kamata ba. A wurin Bahaushe, wanda ya yi ƙaura ya kwashe komatsansa ne ya bar kufai, kuma ba a sa ran dawowarsa. Wanda yake rufe rumbunsa bayan kaka, ya tafi Kano ko Legas neman abin sakawa a bakin salati, sannan ya dawo kafin ruwan shuka ya sauka, sunansa ɗan ci-rani, kuma halin waɗannan tsuntsaye ke nan ba ragi ba ƙari. Shi ya sa a aji nake kiran su tsuntsayen ci-rani, kuma na lura cewa yaron da mahaifinsa ke tafiya duk rani ba ya bukatar wani dogon bayani kafin ya gane. Wasu kan ce "baƙin tsuntsaye", amma a rubuce wannan yana rikita mai karatu, domin ba zai san ko baƙunta ake nufi ko launin baƙi ba.

Idan an yarda da wannan, sai tambaya ta biyu ta taso, wato ina ne gidan tsuntsu. Amsar ita ce inda sheƙarsa take. Shamuwa, wadda take sauka a kan tsamiya da kukar garuruwanmu gab da faɗuwar damina har manomi ya fara gyaran gona saboda ganinta, a nan take yin sheƙa, saboda haka 'yar gida ce. Idan damina ta ɗauke sai ta bi ruwan sama ta haye zuwa gabashi da kudancin Afirka, har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe, inda take cin fara da tsutsa a lokacin tasu daminar, kuma can ne wurin ci-raninta. Su kuwa tsuntsayen da suke cika fadamunmu daga watan Oktoba zuwa Maris, akasin haka ne: gidajensu suna Turai da arewacin Asiya, mu ne masu masaukinsu. Kirinjijiya da ɗinya da belbela da jinjimi ba sa cikin waɗannan masu doguwar tafiya, domin a Afirka suke haihuwa, iyakarsu su bi ruwa daga wannan tafki zuwa wancan.

Mutane da yawa suna zaton sanyi ne kawai yake koro su daga Turai, amma babban dalilin shi ne yunwa. Idan hunturunsu ya shiga, tafkuna sukan daskare su zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace, yini ya gajarta har lokacin kiwo ya yi kaɗan. A daidai wannan lokaci ne kuma ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are take ja da baya, ta bar taɓo mai cike da tsutsa da ƙananan kifaye da tsabar ciyawa da ta shinkafa. Kafin tsuntsu ya taso yakan ci abinci ba ƙaƙƙautawa har ya tara kitse, wasu ƙananan ma sukan kusa ninka nauyinsu, domin da wannan kitse za su tsallake tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, inda babu ci babu sha. Hanya kuwa suna gane ta da rana da taurari da kuma maganaɗisun ƙasa, da alamomi irin su koguna da gaɓar teku.

Daga cikin baƙin namu akwai wata 'yar ƙaramar agwagwar ruwa wadda namijinta yake da farin layi a saman ido kamar an ja masa da alli, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai kuma wani mai dogayen ƙafafu, launinsa ƙasa-ƙasa, wanda yake sauka garke-garke a gonakin shinkafa bayan an yanke yana tsintar abin da ya zube, masana suna kiransa Calidris pugnax. A nan ba wanda zai dube shi sau biyu, amma idan ya koma gida a watan Mayu, namijin yakan fitar da wasu dogayen gashi a kewayen wuya, wani fari, wani ja, wani baƙi, ya fito fili yana taƙama a gaban mata kamar mahayi ranar hawan salla. Mu dai ba mu taɓa ganinsa cikin cikakkiyar wannan kwalliya ba, domin kayan aiki yake zuwa mana da su, kamar kowane ɗan ci-rani.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har wasu suka yi imani cewa tsattsewa tana nutsewa ne cikin taɓon tafki ta yi barci har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai kusa da garin Kuluts a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, da shi ta yi tafiya har gida, kuma har yau tana ajiye a jami'ar Rostok. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari.

Irin wannan zobe ne wani dattijo mafarauci ya kawo mini makaranta wata rana da hantsi, a ƙulle cikin tsumma, bayan ya ajiye shi shekara da shekaru a cikin gafakarsa. Ya kwance ƙullin a hankali ya ɗora mini a tafin hannu, ɗan ƙarfe ne mara nauyi wanda bai kai zoben yaro ba, gefensa ya side saboda gogar ƙafa da ruwa. Ya ce, "Malam, ka duba mini rubutun nan, an ce tsuntsun wani sarki ne, wasu kuma sun ce asiri ne aka aiko da shi." Na kai shi bakin taga na karanta, sai ga lambobi da sunan wani birnin Turai. Na ce, "Baba, ba asiri ba ne, shaidar hanya ce. Wani ne ya kama shi tun yana ƙarami ya sa masa, yana son ya san inda yake cin rani." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce ashe baƙo ya harba bai sani ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a rubuta rana da wurin da aka same shi ba, domin waɗannan biyu tare da lambar su ne dukan amfanin zoben.

Da yawa daga labarin da ake karantawa game da kallon tsuntsaye lokacin sanyi daga bakin teku yake fitowa, kuma akwai dalili. Idan ruwan teku ya janye, wanda yake faruwa sau biyu a yini a yawancin gaɓoɓi, yakan bar fili mai faɗi na laka cike da tsutsa da ƙananan dodon koɗi, kuma gishiri yana sa wannan laka ta fi tafkunan tudu jinkirin daskarewa. Saboda haka akwai babbar hanya da take bin gaɓar tekun Atlantika, daga gaɓar Holan da Jamus da Denmak har zuwa gaɓar da ake kira Banc d'Arguin a Muritaniya, inda tsuntsayen bakin ruwa wajen miliyan biyu suke cin rani, da tsibiran Bijagos na Gini Bisau. Manyan tsuntsaye irin shamuwar Turai kuwa ba sa son doguwar tafiya a kan ruwa, domin suna dogara ne da iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ta ɗaga su sama, shi ya sa suke taruwa a mashigin Jibralta, inda tsakanin Turai da Afirka kimanin kilomita 14 ne kawai. Mu ba mu da teku, amma ga tsuntsun da ya kwana biyu yana keta hamada, fadamar Haɗeja da tafkin Cadi su ne gaɓar da yake fara gani.

A nan ne ya kamata a rarrabe wata kalma da masu kallon tsuntsaye ke yawan amfani da ita, wadda akan fassara da "tsuntsun da ba kasafai ake gani ba". Tana iya nufin tsuntsun da irinsa ya yi ƙaranci a duniya, kamar yadda gauraka, wadda iyayenmu suka saba gani a fadama, ta zama abin nema a Najeriya. Amma sau da yawa tana nufin tsuntsun da yake da yawa a ƙasarsu, sai dai ya yi ɓatan kai ya faɗo inda ba a san shi ba, ko don guguwa ta kwashe shi, ko don yaro ne da ya kuskure alƙibla a tafiyarsa ta farko. Bakin teku ya fi ko'ina samun irin waɗannan, domin tsuntsun da ya gaji a kan ruwa yana faɗawa ne kan ƙasar da ya fara gani. A watan Disamba na 2021 wata babbar gaggafar teku, wadda asalinta gabashin Rasha ne, ta bayyana a gaɓar jihar Men ta Amurka, mutane suka yi ta tururuwa cikin tsananin sanyi don su gan ta. Ɗan ci-rani ana sa ran zuwansa, shi kuwa wannan ɓataccen baƙo ne, kuma ba a karɓar labarinsa da baki kawai, sai an kawo hoto ko cikakken bayanin baki da ƙafa da fiffike da kuka, masana sun zauna sun tantance.

Ban raina murnar ganin ɓataccen baƙo ba, amma aikin da ya fi tasiri shi ne ƙidayar waɗanda aka saba gani. Tun daga 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu, lokacin da kowa ya isa masaukinsa bai kuma fara shirin komawa ba, don kada a ƙirga garke ɗaya a ƙasa biyu. Na taɓa bin masu ƙidaya cikin kwalekwale da sanyin asuba, hazo ya rufe ruwa, masunci yana tura mu da gora ba tare da ko tari ba. Mai madubin hangen nesa yakan ƙirga goma, ya riƙe girman wannan goma a idonsa, sannan ya riƙa auna sauran garken da ita har ya kai ɗari, daga nan ya koma aunawa da ɗari, na kusa da shi yana rubutawa. Masuncin ya tambaye ni a hankali, "Malam, wai me za su yi da lissafin dabbar da ba tasu ba?" Na ce masa lissafin ruwanmu ne suke yi, domin inda tsuntsu ya ragu kifi ma ya ragu, shi kuwa ya gyaɗa kai, don ya riga ni sanin wannan.

Alaƙar ta wuce yadda ake zato. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968, wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cin rani a ƙayoyinmu ya ragu a Ingila da fiye da kashi biyu cikin uku a bazarar 1969, wato mutanen can sun ga alamar farin da ya zo ya halaka dabbobinmu a farkon shekarun 1970 tun kafin duniya ta farga. Daga baya madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Calawa a 1992, suka sauya yadda ambaliya take zuwa mana, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayoyi, a shekarar 2000, dausayin Baturiya da na Dagona suka biyo baya a 2008, amma suna a takarda ba ya buɗe magudanar da kacala ta cushe, kuma manomi da masunci da makiyayi da baƙon tsuntsu duk ruwa ɗaya suke jira.

Wanda yake son ya ga abin da na bayyana da idonsa, ya fita bakin fadama tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan sallar asuba kafin rana ta take, ya sa rana a bayansa, ya zauna wuri ɗaya ba motsi. Idan Allah ya sa ya tsinci zobe a ƙafar mataccen tsuntsu, ya ɗauki hotonsa da waya yadda lambobin za su fito, ya rubuta rana da sunan ƙauyen, ya miƙa wa ma'aikatan gandun daji ko masu nazarin tsuntsaye, irin na cibiyar APLORI da ke kusa da Jos. Zuwa ƙarshen Maris garkunan za su fara raguwa, namijin 'yar agwagwar nan ya riga ya yi tas da farin layinsa, kuma kafin zafin Afrilu ya tsananta yawancinsu sun kama hanyar arewa.