Gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Da zarar hazo ya rufe Jos sai saƙonni su fara shigowa, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsoshin. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Tun da Jos akwai sanyi, ba za a iya yi a nan ba?

A'a. Dusar ƙanƙara ba ta kwana a ƙasa sai ma'auni ya sauka wajen digiri 0. Ƙanƙarar da ke zubowa da damina ta farfasa tumatir a gona ba ita ba ce. Garin Seefeld na Ostiriya, inda ake wannan wasa, tudunsa kusan ɗaya ne da na Jos, wajen mita 1,200. Nisa daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu, shi ya raba mu da su.

Shi ne wanda ake gangarowa daga kan dutse a guje?

Ba shi ba ne. Wancan inji ke kai ka sama. Wannan da ƙarfinka za ka yi tafiya, hawa da gangara, da siraran alluna biyu a ƙafa da sanduna biyu a hannu. Yatsun takalmin ne kawai a maƙale, dunduniya a sake take. Sabon shiga ya bi layukan nan biyu da inji ya tsaga a hanya.

Ɗan Najeriya ya taɓa yi kuwa?

Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a gasar Olimfik ta hunturu a Beijin, 2022. A daina cewa wasan Turawa ne.

In sayi allunan kafin in tafi?

Kada ka soma. Ana ba da haya a can, har da takalmi.

Kayan sanyin da nake sawa a Jos za su wadatar?

To, wannan ita ce tambayar. Ya danganta da ranar, da jikinka, da yadda kake tafiya. Yawancinku kuna shiga kasuwar Katako ku zaɓo jibgegiyar jaket ta gwanjo, wadda ta fi kowacce nauyi. Tana da amfani, amma a tashar mota, ba a kan hanya ba. Minti 10 da fara tafiya gumi zai jiƙe ka sharkaf, ka tsaya ka huta, gumin ya huce a jikinka, nan ciwon yake. Singiletin auduga ita ce babbar matsala, don tana riƙe jiƙa. A jikin fata sa ulu ko irin yadin rigar 'yan ƙwallo, sai suwaita mara nauyi, sai jaket sirirya mai tare iska. Idan ka fito ka ji ɗan sanyi-sanyi, daidai ke nan. Amma fa wannan lissafin digiri 5 ƙasa da sifili ne. In ya kai 15 ƙasa da sifili kuma da iska, ƙara riga ɗaya, ka rufe kunne, ko ma ka haƙura ranar. Ai a 20 ƙasa da sifili ko ƙwararru ana dakatar musu da gasa. Mai saurin jin sanyi ya ɗauki jaket ɗin Katakon a jakar goyo don lokacin hutu. Hajiya, mayafi mai jan ƙasa zai harɗe da sanda, hijabin wasanni ya fi. Safar hannu dole ce, tabarau ma haka, hasken ƙanƙara na cin ido. Alwala kuma a yi ta a masauki. Hukuncin shafa a kan safa, wannan na malaminka ne.

Zan karye?

Faɗuwa kam za ka sha. Kwantar da hankalinka, gudun bai kai na masu gangarowa daga dutse ba. Ka biya mai koyarwa ranar farko, ka bar rowa.

Ina son in shiga gasar Vasaloppet ta Suwidin.

Alhaji, kilomita 90 ce, daga Sälen zuwa Mora, ana yin ta tun 1922. Je ka hau Dutsen Shere da ƙafa ka sauko tukuna, sannan mu yi magana.