Kafin ka sayi fili a bayan garin Tahoua, tambayi ina hanya

Wanda ya daɗe bai zo Tahoua ba, in ya fita ta hanyar Agadas ko ta Ƙonni, gidaje zai tarar a inda ya bar gonakin hatsi. Kuɗin 'yan cirani na Abijan da Libiya suna ta komawa bulo da siminti. Gari na faɗaɗa, amma hanyoyinsa ba sa binsa.

A Nijar akwai doka kan wannan: mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilu 2017, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin tsara birane. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne yanka filaye, wato lotisma. Mai gona ba ya da ikon ɗauko igiya ya yanka gonarsa gida-gida ya sayar. Sai an zana taswira, hukumar tsara birane ta amince, an ware tituna da wurin makaranta da asibiti da kasuwa, sannan a kafa duwatsun iyaka. Titin da aka ware ya zama na jama'a. Ba a sayar da shi, ba a gini a kansa, ko da ya shekara goma ciyawa na fitowa.

Nan ne muke cutar kanmu. A unguwarmu wani maƙwabci ya turo katangarsa taku uku cikin layi, na gabansa ya haƙa masai a waje, na ƙarshe ya toshe bakin layin da shago. Yau layin ba ya ɓullewa. Ranar da naƙuda ta kama matar ƙanena da dare, adaidaita sai da ya zagaya layi huɗu cikin yashi kafin ya hau kwalta, tana nishi muna riƙe da ita. Da damina kuwa ruwan da ya rasa hanya ɗakunanmu yake shiga. Bututun famfo da turakun lantarki na kamfanin Nigelec ma titi suke bi. In babu titi, sai a yi ta jira.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗi ka ce a nuna maka taswirar da aka amince da ita, ka je ofishin magajin gari ka tabbatar da lambar filin. Ka taka wurin da ƙafarka, ka nemo duwatsun, ka bi layin har ka ga inda ya haɗu da wani. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta maye gurbin takardar mallaka, kuma ginin kansa sai da izinin hukuma.