Kafin Ka Zuba Kifi a Sabon Tankin Ruwan Gishiri

Wani maƙwabcina a Samaru ya haɗa tankin gilashi, yana ɗokin a kawo masa kifin teku daga Legas. Ga tambayoyin da ya yi mini da amsoshin da na ba shi.

Malam, ruwa ya yi garau, me kuma zan jira?

Abin da ke kashe kifi ido ba ya ganinsa. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, mai ƙona kafofin numfashinsa. A teku ruwa ya yawaita, a tanki kuwa ba ta da wurin zuwa. Dole sai bakteriya masu amfani, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, sun kama jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Wani rukuninsu ya mayar da amoniya naitirayit, wadda ita ma guba ce, wani rukunin ya mayar da ita naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da isassunsu.

To me za su ci tunda babu kifi?

Amoniya ce abincinsu. Jefa ɗanyen jatan lande guda ya ruɓe a ciki ya sake ta, ko ka ɗiga amoniya ta kwalba har ma'auni ya nuna kashi 2 cikin miliyan. In ka samu dutse daga tsohon tanki mai lafiya, aikin zai fi sauri. Wasu kan jefa kifi mai juriya don kashinsa ya samar da amoniyar. Ni ban yarda da wannan ba, azabtar da dabba ce.

Gishirin miya zai yi?

A'a. Sai gishirin da aka haɗa don tanki, kimanin giram 35 a kowace lita, a cikin tataccen ruwa marar kulorin.

Yanayin Zariya fa?

Nan ne aikin yake. Waɗannan bakteriya suna son ɗumi kamar digiri 25, don haka sanyin Disamba da Janairu kan rage musu kuzari in ba ka sa abin ɗumama ruwa ba. Suna kuma buƙatar iska. In an ɗauke wuta famfo ya daɗe a tsaye, suna iya mutuwa, shi ya sa nake cewa a tanadi sola ko batir tun kafin a sayi kifi. Iskar hunturu da zafin Afrilu suna shanye ruwa su bar gishiri, saboda haka ciko da ruwan daɗi ake yi.

Yaushe zan san tankin ya shirya karɓar kifi?

Galibi mako 4 zuwa 6, amma kayan gwajin ruwa za ka bi. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ta biyo sawunta. In ka ƙara amoniya, cikin awa 24 duka biyun suka koma sifili kuma naitiret ta bayyana, sai ka canja wani ɓangare na ruwan, ka fara da kifi ɗaya ko biyu, ka ba su mako biyu kafin ƙari.