Bulon takarda na girki: sai ya bushe sarai kafin ya hau murhu

Duk mai girki a Kaduna ya san yadda kuɗin gawayi da iskar gas suka yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa a zagayen da muke yi gida-gida a Tudun Wada da Rigasa mata ke yawan tambayata batun bulon takarda, wato tsohuwar jarida da ake jiƙawa, a matse, ta zama makamashi. Abin yana yiwuwa, kuma ina goyon bayansa. Sai dai ni ma'aikaciyar lafiya ce, huhun uwargida da na ɗan da ke goye a bayanta su ne damuwata.

Tun wajen tara takarda ake fara lura. A ware duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, jaridunmu ba sa rasa irin wannan. A cire mujallu masu sheƙi da kwali mai leda a ciki da duk wani abu na roba, don hayaƙinsu guba ne.

Sauran a yayyaga ƙanana, a zuba a bokiti, a cika da ruwa, a bar shi kwana 3 zuwa 5 ana motsawa da sanda har ya narke kamar ƙullun ƙosai. Don Allah a rufe bokitin. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ke zama sauro mai cizo a ruwan da aka bari a buɗe, ga kuma yaro mai rarrafe da kan iya faɗawa ciki.

Takarda zalla saurin cinyewa take yi, ta bar toka tuli. A haɗa ta da garin katako, ban da na katako mai fenti, ko buntun shinkafa, ko diddigar gawayin da ke taruwa a gindin buhu. Takardar ce ke riƙe su, ba sai an sa sitaci ba. A damƙi kaɗan a matse a tafin hannu, in ya tsaya bai wargaje ba, haɗin ya yi.

Babban gwangwanin da aka huhhuda ma ya isa abin matsi: a cika, a ɗora katako, a taka da ƙafa. Mai son yin da yawa ya je wajen masu walda a Panteka su ƙera masa na ƙarfe mai mariƙi. A tsaya da guntun fayif a tsakiya yayin matsewa, domin ramin da zai bari shi ke sa bulon saurin bushewa, wuta kuma ta samu iska.

Shanya ce inda gaggawa ke ɓata aiki. Saman bulon kan bushe cikin kwana biyu a ɗauka an gama, alhali cikinsa sharkaf yake. Ɗanyen bulo ba ya ci, turnuƙe gida yake yi, ido na hawaye, yara na tari. A hunturu mako ɗaya zuwa biyu a rana kan wadatar, ana juya shi. A damina kuwa, balle watan Agusta na Kaduna, fumfuna kan riga bushewa, gara a yi da rani a tara a kan benci, nesa da ƙasa. Kafin amfani a fasa guda ɗaya a taɓa tsakiyarsa. In da sanyi-sanyi, a mayar rana.

Ko busasshe ne yana hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Wannan adadi yana tayar min da hankali. Yaya, Inna, a yi girki a tsakar gida ko a madafi mai taga, a sauke goyo a ba wani ya riƙe. Kar a gasa nama ko masara kai tsaye a kansa saboda tawadar jarida, a tukunya kawai. Kuma komai sanyin Janairu kar a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, yana fitar da iska mai kisa marar wari. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a kusa da wuta, a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.