Shin sai ɗan kokawar Mongoliya ya yar da ƙasarsa kafin ya yi sumo a Japan?

Tun da Hakuho, shahararren ɗan Mongoliya a sumo (kokawar gargajiyar Japan), ya fice daga Ƙungiyar Sumo ta Japan a watan Yunin 2025 ake ta yaɗa cewa wai Japan ba ta barin baƙo ya taka fagen kokawa sai ya yar da fasfon ƙasarsu. Ba haka ba ne. Hakuho ya isa Japan yana ɗan shekara 15, ya hau matsayin yokozuna, wato ƙololuwar sumo, a 2007, ya ci gasa fiye da 40 yana cikakken ɗan Mongoliya. Sai a 2019 ya zama ɗan Japan. Kuma tun asali sharaɗin zama ɗan Japan da ake magana a kai ba dokar gwamnati ba ce, ƙa'idar ƙungiya ce.

Ta shafi kowane baƙo, ko daga Jojiya yake ko Yukren.

Inda take cizo shi ne bayan ritaya. Mai son zama oyakata, dattijon da ke horar da yara kuma yake iya buɗe gidan kokawa nasa, dole ne ya zama ɗan Japan. Kuma sai ya mallaki ɗaya daga cikin sunayen sarautar dattawa da ƙungiyar ta keɓe, waɗanda 105 ne kacal. Yokozuna yana da alfarmar zama shekara 5 da sunansa na fage kafin ya samu ɗaya daga ciki, amma wannan alfarma ba ta ɗauke masa sharaɗin zama ɗan ƙasa ba. Mongoliya kuwa ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, Japan ma haka. To ka ga an saka mutum tsaka mai wuya: ko sana'ar da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, ko ƙasar iyayensa. Asashoryu, wani yokozuna ɗan Mongoliya mai kofi 25, ya yi ritaya a 2010 bai sauya ƙasa ba. Hakuho ya sauya, alhali mahaifinsa gwarzon Mongoliya ne da ya ci lambar azurfa a Olamfik na 1968.

Akwai wata gaɓa da ke rikita mutane. Tun 2002 kowane gidan kokawa baƙo ɗaya aka yarje masa ya ɗauka. Sai masu gidaje suka gano dabara: baƙonsu ya karɓi takardar zama ɗan Japan, gurbi ya buɗe, su kawo wani. A 2010 aka toshe ƙofar, aka ce duk wanda aka haifa a waje baƙo ne a lissafi, ko da ya zama ɗan ƙasa.

A nan ni abin ya fi ɗaure mini kai. Idan ana maganar kujerar dattijo, a ce sai ka zama ɗan Japan. Idan ana ƙirga gurbi, a ce har yanzu kai baƙo ne. Ƙungiyar na ganin tana kare al'adar gargajiya ce, kuma tana da hujja. Amma ƙa'idar gurbin ba ta hana Hoshoryu, ɗan ɗan'uwan Asashoryu, zama yokozuna a Janairun 2025 ba.