Feftayid na dabbobin teku masu yaƙar sankara

Feftayid gajeruwar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Wasu dabbobin teku masu laushin jiki, waɗanda ba su da ƙaya ko saurin gudu, suna tara irin waɗannan sinadarai a jikinsu don kare kai daga masu farautarsu. Dafin nasu ne masana suka gano yana hana ƙwayoyin sankara rabuwa.

Didemnin da Plitidepsin

A 1981 Kenneth Rinehart na Jami'ar Illinois ta Amurka ya bayyana didemnin B, wanda ya samo daga Trididemnum solidum, wata dabba mai kamar jaka da ke manne wa duwatsu a tekun Karibiyan. Shi ake ɗauka a matsayin sinadarin teku na farko da aka gwada kan masu sankara. Gwajin ya tsaya saboda illarsa ga tsoka da zuciya. Ɗan'uwansa plitidepsin, daga Aplidium albicans ta Bahar Rum, ya samu amincewar Ostareliya a 2018 don sankarar ɓargo, amma hukumar magunguna ta Turai ta ƙi shi a lokacin.

Dolastatin 10

Nan ne tarihin ya fi armashi. Tun wajajen 1972 George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona ya fara aiki kan Dolabella auricularia, wani nau'in dodon koɗi na tekun Indiya. Sai a 1987 ya iya bayyana dolastatin 10, bayan an sarrafa kusan tan guda na dabbar aka tace abin da bai kai miligiram 30 ba. Daga baya aka gane cewa ainihin masu ƙera sinadarin ƙwayoyin bakteriya ne da dabbar ke ci.

Amino asid huɗu ne da wani guntu na biyar a sarƙarsa. Yana kama furotin tubulin ya hana shi haɗuwa ya zama zaren da ke ja wa ƙwayar halitta kayan gadonta lokacin rabuwa, sai ƙwayar ta mutu. Matsalar ita ce ba ya bambance lafiyayya da mai cuta. A gwajin asibiti ya rage fararen ƙwayoyin jini, ya taɓa jijiyoyi, kuma ƙarin sankarar bai ragu yadda aka yi fata ba.

Dabarar da ta cece shi ita ce ɗaure shi a jikin antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ke gane wata alama ta musamman a jikin ƙwaya ya manne mata. An ƙera kwatankwacinsa mai suna MMAE, aka liƙa kimanin guda huɗu a kan kowane antibodi ta wata mahaɗa da ba ta tsinkewa a cikin jini sai ta shiga ƙwayar sankara. Haka aka samu brentuximab vedotin, mai neman alamar CD30 da ke jikin ƙwayar sankara, wanda Amurka ta amince da shi a 2011 don sankarar Hodgkin, wadda ke kama kaluluwa. Ana ba da shi ta jijiyar jini, miligiram 1.8 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan mako uku. Rashin jin taɓi a yatsun hannu da ƙafa shi ne illar da ta fi sa likita rage adadin. Enfortumab vedotin na sankarar mafitsara ya biyo baya a 2019, tisotumab vedotin na sankarar bakin mahaifa kuma a 2021.

Sauran

Kahalalide F daga Hawaii da hemiasterlin daga soson teku sun kai matakin gwaji, na biyun ta hanyar kwatankwacinsa da aka ƙera, amma ba su zama magani ba.